Yaya, albasar Holan ba za ta yi kai a Kadawa ba

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara. A gaishe min da Kawu, a ce masa ban manta da maganin gwiwarsa ba. Saƙonnin muryarka huɗu sun same ni a bakin aiki, ban samu sukunin saurare ba sai da na hau keke zan koma masauki, iskar teku na kaɗa ni kamar za ta jefa ni a kwata. Da na gama ji na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, gara in zauna in rubuta, in ya so ka karanta a tsanake bayan isha'i.

Ka ce in aiko maka da irin albasar Turawa. Ka ce in tambayo kuɗin injin nan na tantance albasa da ka gani a hoton da na turo. Ka ce tunda ga ni a bakin rijiya in sayo wa uwargida atamfa 'yar Holan ta asali. Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah, wai da gaske ne kaya kamar kyauta suke a Turai? Sai can ƙarshe ka ɓullo da babbar maganar, cewa bana kana so ka noma, ka adana, ka sayi tsohuwar mota ka riƙa kai kayanka Legas da kanka, ka huta da dillalai da direbobi. Ita ce ta hana ni barci, kuma saboda ita na yi wannan dogon rubutu.

Bari in fara da maganar araha. Gaskiya ce rabi. A nan kaya ne da araha, hannun mutum kuwa wuta. Riga sabuwa fil a kanti za ka same ta Yuro 8 ko 10, amma ranar da na kai wando wurin tela ya rage min tsawo, Yuro 14 ya karɓa, wandon kuma Yuro 15 na saye shi. Litar madara ba ta kai Yuro 2 ba. Aski kuwa sai ka ajiye Yuro 20 ko sama da haka, shi ya sa na sayi injin aski, ni da wani ɗan Sudan da muke gida ɗaya muke yi wa juna ranar Lahadi. Famfon kicin ɗinmu ya taɓa ɗiga, mai gyara ya zo ya sauya wata 'yar roba da ba ta fi zobe girma ba, bai yi minti 20 ba, takardar da ta biyo baya Yuro 95. Robar ba ta kai Yuro 1 ba. Sauran kuɗin zuwansa ne da lokacinsa da haraji.

Ka ga kishiyar gida ke nan. A Kano in waya ta lalace, yaro a Farm Centre zai buɗe ta ya ɗana mata dalma, ka ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, domin wayar ce mai tsada, yaron kuma mai araha. A nan butar lantarki in ta mutu, kwandon shara ta nufa. Ba wanda zai zauna ya kwance ta, tunda a Janairun 2024 doka ta ce mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga babban mutum Yuro 13.27 ne, sabuwar buta kuma ba ta kai ladan awa biyu ba. Rigar Yuro 8 ɗin nan a Bangaladash aka ɗinka ta, a masana'antar da mace ɗaya wuyan riga kawai take ɗinkawa daga safe har yamma, ta kusa da ita hannu kawai, wata maɓalli. Telan da ya rage min wando kuwa shi kaɗai ya auna, ya yanke, ya ɗinka, ya goge. Duk abin da aka rarraba aikinsa ga hannaye da yawa da injina, ya yi araha. Duk abin da sai mutum ɗaya ya tsaya a kanka, shirya aljihu.

Wurin aikina ne ya buɗe min ido a kan wannan. Ka san a lardin Zeeland nake, kudu maso yammacin Holan, a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke tantance albasa suna zuba ta a buhu. Maigidanmu ba shi da gonar albasa ko taku ɗaya. Ranar da na ji haka na yi dariya, na ce mai albasa ba gona? Sai na fara ƙirga hannayen da kan albasa ɗaya ke bi kafin ya iso gabana. Akwai kamfanin da iri kawai yake fitarwa, shekara da shekaru yana gwaji. Akwai manomi, wanda sau da yawa ba shi da injin cirewa, sai ya kira mai injin haya, wanda shi kuma ba ya noma, aikinsa ke nan daga wannan gona zuwa waccan. Akwai masu gina rumbun zamani mai fankoki da ma'aunin zafi da laima. Akwai dillali (e, Yaya, su ma suna da dillalai) da ke yawo rumbu rumbu yana yanka albasa da wuƙa yana duba cikinta kafin a yi ciniki. Sai mai babbar mota ya kawo mana. Bayan mu kuma ga mai saƙa buhun raga, ga mai katakon ɗora kaya, ga jami'in da ke duba lafiyar amfanin gona ya buga hatimi, ga mai cike takardun kwastan, ga mai jirgin ruwa. Manomin bai taɓa ganin Dakar ba, mai jirgin bai san yadda ake shuka albasa ba, kuma kowannensu yana cin abinci daga kan albasar nan ɗaya.

Ni nawa aikin a cikin wannan jerin gwano shi ne tsayuwa a gefen bel. Albasa na wucewa ta ƙarƙashin kyamarori da ke auna girmanta, har suna haska cikinta su gane wadda ta fara ruɓa daga ciki alhali bayanta lafiya lau. Abin da ya kuɓuce wa injin, ni da wasu mata biyu 'yan Folan da wani ɗan Bulgeriya muke tsincewa da hannu. Awa takwas idona a kan albasa. Yanzu ko daga nesa na hango mai laushin wuya na san ta. Ban iya komai ba a kamfanin sai wannan, amma a wannan ɗin ba na jin akwai wanda zai ja da ni.

Ranar da na fara ganin an jera buhunan raga masu kilo 25 an manna musu Dakar da Abijan, wani abu ya tokare min ƙirji. Ga Galmi a Nijar, ga Aliero a Kebbi, ga mu a Kadawa, amma albasar da za a yi miya da ita a Senegal daga ƙasar sanyi za ta fito? Holan na fitar da albasa sama da tan miliyan 1 a shekara, fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ta noma, kuma Senegal da Kwaddebuwa na cikin manyan masu saye. Na daɗe ina jin haushin abin kafin in gane yadda yake. Mu muna cire tamu a bazara, kowa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Damina na shigowa laima ta kama abin da ya rage. Su kuma a Agusta da Satumba suke cirewa, daidai lokacin da tamu ta ƙare ko ta ruɓe. Tasu tauri gare ta, ɓawonta busasshe, tana iya kwana a rumbu tun daga kaka har bazara ta zagayo. Gwamnatin Senegal ma da lissafi take yi: idan manomanta sun fara cirewa sai ta rufe ƙofar shigo da albasa na wasu watanni, in tasu ta ƙare ta buɗe. Jirgi daga tashar Vlissingen, nan kusa da mu, ba ya kai mako biyu ya isa Dakar. Kai ka fi ni sanin kwana nawa motar Galmi ke yi kafin ta shiga Abijan, da shinge nawa za ta tsaya ta ba da na goro.

Ba wai tasu ta fi tamu daɗi ba. Wallahi ba ta kama ƙafar 'yar Galmi a miya. Lokaci suka fi mu da shi, da ajiya, da hanya.

To maganar iri. Kada ka ɓata kuɗinka, kada in ɓata nawa. Albasa da tsawon yini take aiki. Irin da ake shukawa a nan ba ya fara yin kai sai yini ya kai awa 14 zuwa 16, kuma suna da shi, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare (ka tambayi wanda ya yi azumi a nan lokacin zafi). A Kano yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba. In ka shuka irinsu a Kadawa za ka sha lawashi kore shar har gwiwa, ka tona ƙasa ka tarar ba komai. Namu irin, su 'yar Galmi, gajeren yini suke so, in an kawo su nan su ma ba za su yi abin kirki ba. Allah ya riga ya raba wa kowace ƙasa abin da za ta iya, tun kafin 'yan kasuwa su zo su yi lissafi.

Amma ba duka ne rabon yanayi ba, wani zaɓi ne. Ka tuna shagon Kawu ana saura mako biyu Sallah? Duk cikin yaransa ba wanda ya kai shi iya guga ko sa maɓalli. Amma ka taɓa ganin ya bar teburin yanka ya ɗauki dutsen guga? Yakan ce awar da zai yi yana guga, an yi asarar yankan riga uku, yankan kuma ba mai yi sai shi. Yaron da bai kai shi iya guga ba shi ke guga, kuma shagon ya fi samun kuɗi a haka. Haka mutanen nan suka yi da ƙasarsu. Duk faɗin Holan bai kai Jihar Kaduna ba, mutane kusan miliyan 18, wani yankin ma daga teku suka ƙwato shi, don haka kowane taku na ƙasa tsada gare shi. Suna iya noman alkama, suna ma yi, amma yawancin alkamar burodinsu daga Jamus da Faransa suke sayowa, inda fili yake da yalwa. Tasu ƙasar sun ba furanni da iri da tumatir da dankali da albasa da shanun madara. A 2022 abin da suka sayar wa duniya na kayan gona ya haura Yuro biliyan 120.

Wani abokin aikina ya taɓa kai ni yankin Westland, kusa da Rotadam. Gari guda na gilashi, Yaya, iya ganinka. Tumatir a ciki ba a ƙasa yake ba, a kan wani abu mai kama da soso yake tsaye, ruwa da taki na ɗiga masa ta siririn tiyo, ga bututun ruwan zafi na bi ta ƙarƙashi. Abin da ya fi ba ni mamaki wasu 'yan kwalaye ne da aka rataye a tsakanin layuka. Ashe wani irin ƙudan zuma ne mai kauri a ciki, shi ke bin furen tumatir yana barbara. Mai gonar sayensa yake yi daga wani kamfani da sana'arsa ke nan, kiwon ƙudan da kuma ƙwarin da ke cinye ƙwarin da ke ɓata shuka. Na tuna 2016 da tsutsar nan ta share tumatirin Kadawa, muna ta fesa magani kamar mahaukata ba ta ko gezau. A nan akwai mutumin da ya yi digiri a kan ƙwaro ɗaya, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa.

Sai dai in faɗa maka, cikin biliyoyin nan da suke sayarwa akwai kaso mai yawa da ba su suka noma ba. A Aalsmeer akwai kasuwar furanni da ta fi kowace girma a duniya, kuma wardi da yawa da ake sayarwa a can daga bakin tafkin Naivasha na Kenya da kuma Habasha ake kawo shi a jirgin sama da daddare, gari na wayewa an yi gwanjonsa, kafin yamma yana Jamus ko Faransa. Gwanjon nasu ma a juye yake. Mu mai saye ke tayawa daga ƙasa, mai kaya na cewa albarka har a daidaita. Su agogo ne ke fara farashi daga sama yana saukowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. In ka yi gaggawa ka saya da tsada, in ka yi nawa wani ya ɗauke. Haka in ka bi ta Zaandam, arewa da Amsadam, ƙamshin koko ne zai tare ka tun daga tashar jirgin ƙasa. Babu bishiyar koko ko ɗaya a ƙasar nan. Daga Kwaddebuwa da Gana da Ondo ta Najeriya yake zuwa, tashar Amsadam ce kan gaba a duniya wajen sauke shi, a nan ake niƙa shi a raba mai da gari, a sayar wa masu yin cakulan.

Nan ne inda nake rabuwa da masu cewa ciniki tsakanin ƙasashe kowa riba yake ci daidai wa daida. Kowa na samu, ban musa ba, manomin koko a Ondo da ba shi da mai saye da ya fi haka wahala. Amma rabon ba ɗaya ba ne. Wanda ya tsaya a kan ɗanyen kaya shi ke cin ƙanzo. Shekara da shekaru ɗanyen manmu na zuwa matatun Rotadam da Antwerp, ya koma mana a matsayin fetur, mu biya kuɗin zuwa da na dawowa da ladan mai tacewa, sai a Satumban 2024 matatar Dangote ta fara fitar da fetur. Madarar Peak da Hajiya ba ta shan shayi sai da ita, tun 1954 take shiga Najeriya daga hannun manoman Holan, alhali ga shanun Fulani a bayan gari. Ƙwarewa a abu ɗaya daidai ne, amma a duba wane abu ne.

Wannan ya kawo ni kan atamfar uwargida. Na je Helmond da kaina, garin da masana'antar Vlisco mai yin atamfar take tun 1846. Ka san me na gani? Ko mace ɗaya Baturiya ban gani da atamfa a titi ba. Sana'ar ma asalinta kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Java ne na Indonesiya, lokacin da Holan ke mulkinsu, audugar kuma ba a nan ake noma ta ba. Fasahar Indonesiya, audugar wata ƙasa, aikin Holan, kwalliyar matan Kano da Lome da Kwatano. Farashin kuwa bai san ina bakin rijiya ba: turmi ɗaya na mai kyau yana wajen Yuro 100, in na haɗa da kuɗin aike ya zarce na Kantin Kwari. Kasuwar atamfar tana wurinku, ba a nan ba. Zan turo kuɗin, uwargida ta je Kwari ta zaɓi zanen da ranta ke so, ta tafi da wadda ta san ta asali, ta duba rubutun bakin zanen da kyau saboda jabu ya yi yawa.

A jirgin ƙasa ina dawowa daga Helmond na yi ta tunanin cewa wannan tsarin fa ba baƙo ba ne a wurinmu. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da tufafin Kano na kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Wa ke yin su? Manomi ya noma auduga, mata su gurje su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini a Ƙofar Mata ko Kura ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, maɗinki ya yi aiki, fatake su ɗora wa jaki da raƙumi. Ba wanda ya ce sai ya yi duka. Buzaye su kawo gishirin Bilma da dabino su koma da gero, domin gero ba ya fita a Bilma, gishiri kuma ba ya fita a Kano. Fatakenmu su kai kanwa da tufa Gwanja su dawo da goro. Kakanninmu sun yi wannan ba waya ba banki, da amana da fatoma da mai gida a zango. Mu ne muka zo muka ga masaƙun Kakuri ta Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, masu sayen audugar Funtuwa na kusa suka ragu.

Kada ka ɗauka ina yabon Turai ne ido rufe. Wanda ya jingina da wani, in wancan ya goce sai ya faɗi. A Maris ɗin 2021, ban daɗe da fara aiki ba, wani jirgin kwantena mai tsawon mita 400, Ever Given, ya gitta a mashigin Suwez na Masar kwana shida, kuma Rotadam ya nufa. Mu da muke tsince albasa a ƙauye sai da muka ji a jikinmu, kwantenar da za a loda kaya ta yi wuya, aka yi ta ɗaga ranakun lodi. Shekara na zagayowa Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022. Man girki na sunfulawa ya ɓace daga kantuna, wasu suka ƙayyade kwalba nawa mutum zai ɗauka. Iskar gas ta yi tashin gwauron zabo, masu gidajen gilashi da yawa suka kashe fitilu da hita a hunturun nan, suka bar wurin fayau, domin kuɗin ɗumama tumatir ya fi kuɗin tumatirin. Ni kaina da riguna uku nake kwana. Ku ma kun ɗanɗana irinta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyaka har Maris ɗin 2024, motoci suka yi layi a Illela da Jibiya da Maigatari, kaya na ruɓewa a ciki, 'yan uwa na kallon juna ta kan shinge.

Kuma rarraba aikin nan yana da ban haushi in ya zo kanka. Wani hunturu hitar gidanmu ta mutu ranar Juma'a da yamma. Na kira mai gidan, ya ce in kira kamfanin da ke kula da ita. Suka ba ni Litinin. Mutumin ya zo, ya buɗe, ya ce matsalar ta wayar lantarki ce, shi kuma ɓangaren gas yake, ba shi da izinin taɓawa. Na ce bawan Allah ga wayar nan kana gani, ya ce yana gani, amma ba aikinsa ba ne. Sai Laraba na lantarkin ya zo. Kwana biyar muna karkarwa. A gida da ɗan maƙwabci ya zo da filaya da salatif an wuce wurin, ko da bayan wata guda ta sake lalacewa. Asibiti ma haka. Inshorar lafiya dole ce, ina biyan sama da Yuro 140 duk wata, kuma Yuro 385 na farko a shekara daga aljihuna zai fita in an tura ni babban asibiti. Ba ka isa ka ga likitan ƙashi ko na ido kai tsaye ba sai likitan unguwa ya rubuta maka takarda, shi kuma sai an ba ka rana, in ka je da zazzaɓi ya ce ka sha farasitamol ka kwanta. Amma ranar da aka tura ɗan Sudan ɗin nan wurin likitan da aikinsa tafin hannu ne kawai, bayan inji ya murƙushe masa yatsu biyu, ya ɗinke su har yanzu yana riƙe cokali da su. Rayuwata a nan ta rataya a wuyan mutum ɗari da ban san fuskarsu ba, maƙwabcina na jikin bango kuwa shekara uku ban san sunansa ba.

Abin da ke riƙe da wannan gini duka, a iya ganina, cika alƙawari ne, kuma ba don sun fi mu tsoron Allah ba. In an ce mota za ta zo ɗaukar kaya ƙarfe 7:15, to 7:15 ɗin ce, in ta makara akwai tara a rubuce. In an ce za a biya manomi cikin kwana 30, za a biya, in ba a biya ba akwai inda zai kai ƙara a saurare shi. Shi ya sa manomi ke iya sakin jiki ya tsaya a kan noma, bai damu da ya mallaki mota ko jirgi ba. Na san abin da ya sa kake son haɗa komai a hannunka. Ban manta bara waccan ba, da direba ya kwana uku a hanya da kayanka ya kashe waya, dillali kuma ya ce rabi ya ruɓe, ba ka da yadda za ka yi ka tabbatar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tsohuwar mota za ta cinye jarinka a gareji, kuma ranar da kake Legas kana faɗa da 'yan kamasho, wa ke ban ruwa a Kadawa? Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Injin tantancewa ma cire shi daga ranka. Kuɗinsa ya fi gonakin gidanmu duka a haɗe, yana son wutar da ba ta ƙiftawa, kuma in ya tsaya injiniyan kamfanin da ya ƙera shi ne kaɗai ke taɓa shi. A wurinku yara goma da ido da hannu za su yi aikin da araha, su ma su samu na abinci.

In za ka ji tawa, ka tsaya a kan noma da ajiya, domin a ajiya ne mutanen nan suka yi mana fintinkau, kuma ita ce ba ta bukatar jirgi ko kyamara. Abin da na gani a rumbunansu da za ka iya yi da kara da katako: ka rage takin yuriya a ƙarshen noma, shi ke sa wuya ya yi kauri ruɓa ta shiga ta nan. Ka ɗauke ruwa kamar mako biyu kafin cirewa, ka bari lawashi ya kwanta da kansa. In an cire a shanya a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙaƙas, a yanke a bar kamar yatsa biyu, kada a yanke dab da kai. Rumbun a ɗaga shi daga ƙasa, a yi masa daɓen sanduna mai tazara yadda iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, a zuba ba a buhu ba kuma kada tulin ya yi zurfi. Duk wadda ta ƙuje ko ta fashe a sayar da ita nan take, ita ce ke kashe 'yan uwanta. Duk mako a bi a tsince, irin aikin da nake yi a nan. In rumbun ya yi kyau shekarar farko, maƙwabta da kansu za su kawo tasu ajiya su biya ka. Maganar mota kuma ka nemi mai mota ɗaya da aka san gidansu, ku yi yarjejeniya a rubuce gaban sarkin kasuwa, a ƙirga buhu a gaban shaidu a nan da can, rabin kuɗinsa sai kaya sun sauka.

Ranar Juma'a in sha Allahu zan turo kuɗin katako da kwano da na atamfar, ka ware wa Hajiya nata a ciki. Akwai wani ɗan Zariya da zai dawo nan ƙarshen wata, zan ba shi lambarka. Don Allah a haɗo shi da kuka da daddawa da yaji, sannan a ce wa Hajiya ta sa min gabu mai yawa, a ɗaure shi da kyau a leda biyu. Ina tsaye kan tan dubbai na albasa kullum, amma miyata ba ta ƙamshi.